Kafin a rataye hotuna a tsohon bariki, a fara duba indararo

Mayar da tsofaffin gine-ginen soja wuraren koyar da tarihi ba sabon abu ba ne. Barikin Collins da ke Dublin, wanda aka gina a farkon shekarun 1700, ya koma gidan tarihi a 1997. Fort Jesus da Turawan Fotugal suka fara ginawa a Mombasa a 1593 ya zama kurkuku a zamanin mulkin Ingila, yau kuma ɗalibai ke cika farfajiyarsa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2011. Tunanin mai kyau ne. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wajen kashe kuɗi: a zuba su a allunan lantarki da akwatunan gilashi, bango kuwa yana shan ruwa.

Ruwa ne babban abokin gaba. A fara da rufi, indararo da magudanan gindin bango, sannan a bar ginin ya bushe, ko da zai ci damina guda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafe tsohon bangon dutse ko tubali da siminti. Magina na da sun yi amfani da kwaɓin farar ƙasa, wanda ke barin danshi ya fita. Siminti kuwa yana kulle shi a ciki, gishiri ya taru, bayan 'yan shekaru filastar ta ɓanɓare ta tafi da fuskar dutsen. Gyaran da ya dace shi ne kwaɓin farar ƙasa, kusan awo 1 da yashi awo 3, mai taushi fiye da dutsen da yake riƙewa.

Kafin lebura ya sa diga a ƙasa, masana bama-bamai su bincika filin, musamman kusa da ma'ajiyar albarushi. A gwada fenti ko yana da dalma, a duba rufi da bututu ko akwai asbesto, don ƙurarsa tana lalata huhu.

An tsara waɗannan gine-gine ne don su hana shiga: ƙofa ɗaya, matsattsun matakala, tagogi kamar idon allura. Ajin yara arba'in kuwa yana buƙatar hanyar fita biyu idan gobara ta tashi, mai keken guragu kuma yana buƙatar gangara da ba ta wuce tashin mita 1 a tsawon mita 12 ba. A ganina fasa ganuwa don haka ɓarna ce. Kundin Venice na 1964, wato ƙa'idojin duniya na kiyaye tsofaffin gine-gine, ya yarda a ba tsohon gini sabon aiki, muddin ba a sauya tsarinsa ba. Gwamma a kafa gangara da matakalar ƙarfe masu tsayuwa da kansu, waɗanda za a iya kwancewa gobe, a kai banɗaki da ofis sabon gini a gefe.

Takardu da tufafin soja suna son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Danshin ɗakunan ƙarƙashin ganuwa yakan wuce haka, don haka a bar musu igwa da duwatsu, takardu su hau bene.