Zanen Géricault ya fi na Delacroix faɗin gaskiya

A gidan tarihi na Louvre da ke Paris akwai manyan zanuka biyu na masu zanen Faransa, Géricault da Delacroix, da ake yawan ambata tare idan ana maganar zanen tarihi, kuma a ganina na Géricault ya fi na Delacroix gaskiya nesa ba kusa ba.

Géricault ya baje nasa a 1819. Labarin jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse ne, wanda ya kafe a yashin gaɓar Muritaniya a 1816, yana kan hanyar zuwa Sanagal domin karɓar mulkin birnin Saint-Louis daga hannun Ingila. Kyaftin ɗin ya fi shekara 20 rabonsa da jan jirgi, biyayyarsa ga gidan sarauta ce ta ba shi muƙamin. Manya suka shige jiragen ceto, aka bar mutum kusan 150 a kan katakan da aka ɗaure da igiya, kuma bayan kwana 13 na yunwa da ƙishirwa da kashe-kashe, har da cin naman gawa, 15 kaɗai aka tsamo da rai. Mai zanen ya zauna da biyu daga cikinsu, ya riƙa zuwa asibiti yana zana gawawwaki, sannan ya ɗora baƙar fata a ƙololuwar zanen yana kaɗa ƙyalle ga wani jirgi da kyar ake hango shi.

Delacroix kuwa ya zana boren da aka yi wa sarki a Paris a Yulin 1830, ya siffanta 'yanci a surar mace riƙe da tutar Faransa tana tsallake gawawwaki. Zanen yana da kyau, ba na musu. Sai dai zuwan matar ya sauya matsayin mamatan, domin idon mai kallo yana binta ne, gawawwakin kuma sun zama kuɗin da aka biya aka sayi nasara. Shi ya sa daga baya hukuma ta iya buga hotonta a tsohuwar takardar kuɗin Faransa ta faran 100 hankali kwance.

A kan katakan Méduse babu wata sura da za ta ba mutuwar dalili, dole mai kallo ya tambayi wanda ya naɗa kyaftin ɗin. Gaskiya ne Géricault ma ya yi ado, tunda ya ba mayunwata damatsa irin na 'yan kokawa, amma adon nasa bai wanke kowa daga laifi ba, kuma masu goyon bayan sarki sun gane hakan tun ranar da aka rataye zanen.