Ranar da na zagi Baba Hedimasta a gaban matarsa

Tunda kowa ya riga ya ji, gara ku ji daga bakina. Asabar ɗin nan aka yi walimar sallamar Baba Hedimasta, shekara 35 cif yana aiki. An ce masa tun 2022 doka ta ba malamai damar kaiwa 40, ya ce ƙurar alli ta ishe shi. Aka ce a yi jawabi da Turanci saboda baƙi daga ma'aikata, kuma duk ɗakin malamai ba a ga kowa ba sai ni, malamin lissafi, wanda sai a zama na biyu ya ci Ingilishi.

Daren Juma'a na zauna tsara abina. Kind na sani, mai kirki. Generous na sani, mai kyauta, kishiyar stingy, wato irin wani mutum da za mu zo kansa. Amma waɗannan ko ɗan aji ɗaya zai faɗa, ni manyan kalmomi nake so. Sai na ci karo da selfless, mara son kai. Ga kuma harmless, wanda ba ya cutar da kowa. Na ce ashe ƙa'ida ce, ka liƙa less a wutsiya mutum ya zama na kirki. Ni da kullum nake hana yara yanke hukunci da misali biyu.

To, Baba kowa ya san ba shi da zuciya. Shekara tara ina ƙarƙashinsa ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, har ranar da 'yan SS3 suka kulle akuyar maigadi a ofishinsa. Heart zuciya, less babu. Na rubuta heartless, na ja layi biyu a ƙasa. Sannan mutum ne tsaka-tsaki, ba ya wuce gona da iri, tsaka-tsaki kuwa a ajina sunansa mean, tare da median da mode nake koyar da shi.

Na karɓi makirufo, na gyara babbar riga. Da na ce kind aka tafa. Generous aka tafa. Selfless har na ma'aikata ya gyaɗa kai. Sai na ja numfashi, na nuna Baba da hannu, na ce, "He is a heartless man."

Tsit.

Ni kuwa na ɗauka kalmar ce ta ratsa su. Na matso gaba, na maimaita a hankali, gaɓa-gaɓa, don na baya su amfana. Hajiya matar Baba ta ajiye lemon da ke hannunta. Na ma'aikata ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, na ce Allah sarki, har kuka na sa shi. Sai na ƙara gishiri, na ce duk shugabannin da na yi aiki da su babu wanda ya kai shi heartless. Na rufe da very mean. Baba dai yana murmushi, yana jan carbi, wanda ya ƙara tabbatar min gaskiya na faɗa.

'Yarsa ta jami'a ce ta tare ni wajen zama. Ta ce, "Malam, me Baba ya yi maka?" Nan na ji heartless mugu ne mara imani, ɗan uwan cruel da wicked, mean kuma a wajen aji ko marowaci ko mai ƙeta. Mai tausayi kind-hearted ake cewa. Wato su wanda ba shi da zuciya ne azzalumi, mu kuwa mai zuciya muke gudu. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Amma abin da ya fi ci min rai, mutumin nan mai koyar da Ingilishi. Da safe na ba shi takardar. Ya karanta tun daga sama har ƙasa, a gabana, ya gyara min waƙafi ɗaya, ya ce, "Ya yi, Malam." Waƙafi! Shi ne fa ya kwashi adashenmu a watan farko, zubi biyu har yau ana bin sa. Shi ya ari cajata tun zangon da ya wuce, ya dawo da wata wadda sai an ɗora mata littafi take aiki. Da na tuhume shi, wai ya ɗauka da gangan na yi, salon adabi ne. Kuma shi ya ɗauki bidiyon, daga gefen da tumbina ya fi fitowa.

Na je gida ba Baba haƙuri, ya ce shi bai ma ji ba, lasifikar na ƙara. Hajiya ba ta fito ba. Yara yanzu Malam Hatiles suke ce min. Shinkafar da aka ba ni a leda ma babu nama, ban san ko kowa haka ya samu ba.