Keken Tsere Mai Araha Ya Isa Doguwar Tafiya, Muddin Mai Faci Zai Iya Gyara Shi

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki kaɗan, sannan ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ma'aikata da ɗalibai da yawa suka koma wa keken da suka jingine. Mutanen Maiduguri sun riga kowa sanin wannan hanya, domin tun da aka hana hawa babur a birnin a watan Yulin 2011 keke ya zama abin hawan malami da ɗan kasuwa. A cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su kuwa akwai wani nau'i da ke ɗaukar hankalin matasa, wato keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Da irinsa ne wasu a Turai da Amurka suke ɗaure 'yan jakunkuna a jikin keke su yi tafiyar kwanaki suna kwana a hanya, kuma wanda ya bi hotunansu a intanet zai ɗauka sai mai keken miliyoyi ne yake da ikon yin haka. Ra'ayina shi ne keken tsere na ƙaramin farashi ya isa zuwa aiki kullum, ya kuma isa doguwar tafiya, kuma a hanyoyinmu yakan fi mai tsadar amfani.

Abin da mai sayen keke mai tsada yake biya wa kuɗi mafi yawa shi ne rashin nauyi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙayyade tun shekarar 2000 cewa keken gasa ba zai gaza kilo 6.8 ba, kuma kamfanoni suna ta kashe kuɗi a kan jikin keke na kabon, wani sinadari marar nauyi mai tsada, domin su kusanci wannan iyaka. Keke mai araha da aka yi da alminiyom yakan kai kilo 10 zuwa 11. Ga ɗan tsere da ke hawa duwatsun Faransa, wanda daƙiƙoƙi kaɗan ke raba shi da kofi, wannan bambanci babba ne. Amma a ɗauki mutum mai kilo 70 da ya ɗora kaya da ruwa na kilo 15: shi da keken da kayan sun kusa kilo 95, don haka kilo uku ko huɗun da ya biya dukiya ya rage ba su wuce kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari ba. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin wadda ke tsakanin Kano da Zariya, tafiyar kimanin kilomita 150, iska ce take cinye ƙarfin mahayi fiye da nauyi, kuma iskar hunturu idan ta taso ta gaba ba ruwanta da farashin keke. Sai mai hawa tsaunin Jos ne zai ji nauyin a cinyarsa, shi ma ƙaramar giya ce maganinsa.

Batun giya shi ne inda na fi ganin ana yaudarar mai saye. Kamfanin Shimano na Japan ya jera kayansa hawa-hawa: Claris mai giya takwas a baya, Sora mai tara, Tiagra mai goma, har zuwa Dura-Ace mai goma sha biyu wadda ake canza ta da lantarki. Duk lokacin da aka ƙara giya sai sarƙar ta ƙara sirancewa, farashinta ya ƙaru, saitinta kuma ya ƙara neman ƙwararren hannu. Sarƙar giya takwas tana da kauri, ba ta da tsada, kuma ita ce dai take aiki a kan kekuna masu giya shida da bakwai da suka cika rumfunan gwanjo. Idan ta tsinke a wani gari da ke bakin titi, akwai yiwuwar mai gyaran keke ya zaro makamanciyarta daga cikin tarkacensa. Wanda batirin giyarsa ya mutu, ko man birkinsa ya tsiyaye, ko jikin kabon ɗinsa ya tsage, da wuya ya sami mai gyara masa a irin wannan wuri. Birki mai waya da giya mai waya kowane bakanike ya san kansu, jikin ƙarfe kuma idan ya tsage mai walda zai iya ɗinke shi ya kai mutum gida. Alminiyom bai kai ƙarfe sauƙin walda ba, wannan gaskiya ne, shi ya sa tsohon keken ƙarfe mai lafiya bai kamata a raina shi ba.

Tarihin masu doguwar tafiya ma bai goyi bayan tsada ba. Heinz Stücke, Bajamushen da ya bar gida a 1962 ya shafe kusan shekara hamsin yana zaga duniya, ya yi sama da kilomita 600,000, kuma mafi yawan tafiyar a kan keken ƙarfe mai giya uku ya yi ta. A kusa da mu akwai Mamadou Safayou Barry, ɗalibi ɗan ƙasar Gini da ya hau keke a 2023 da niyyar zuwa Jami'ar Azhar, ya yi kimanin kilomita 4,000 ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, inda masu taimako suka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alkahira. Abin da ya fi wahalar da shi a hanya shi ne tsare shi da aka yi har sau uku, ba ƙarancin giya ba.

Duk da haka Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma akwai araha da take asara ce tsagwaronta. Akwai sababbin kekuna masu ƙyalƙyalin fenti da aka yi wa siffar keken tsere, alhali birkinsu ba ya kamawa, boris ɗinsu yana lalacewa cikin watanni, ƙafarsu tana karkacewa da ramin farko. Ba irin waɗannan nake karewa ba. Wanda nake nufi shi ne matakin farko na kamfanin da ya san aikinsa, irin Triban RC120 na kamfanin Decathlon na Faransa, ko kuma keken gwanjo na sanannen kamfani da ya tsufa amma jikinsa bai tsage ba.

Sannan akwai matsalar taya, wadda mai saye a nan ya kamata ya fi damuwa da ita a kan komai. Keken tsere na asali yakan zo da taya mai faɗin milimita 23 ko 25, wadda aka yi domin kwalta mai sulɓi. A titin da ramuka suka cinye gefensa, ga yashi, ga ƙaya da tsidau a duk inda mutum ya kauce wa tirela, irin wannan taya wahala ce. Kafin a biya kuɗi a duba ko jikin keken zai karɓi taya mai faɗin milimita 32 ko sama da haka, domin ita ce za ta sha girgiza ta kuma rage yawan faci. A kuma lura da wani tarko: ƙafar keken tsere, wadda ake kira 700c, faɗinta milimita 622 ne, ita kuwa ƙafar tsohon keken Rale ko Phoenix 635 ce, alhali duka biyun akan rubuta musu inci 28. Tayar wannan ba ta shiga wancan. Haka nan bakin tiyub ɗin keken tsere siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan ƙaramin mahaɗi. Wanda zai yi nisa ya tafi da tiyub biyu da famfonsa da wannan mahaɗi, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da rarar da ya samu wajen ƙin sayen keke mai tsada.

A zirga-zirgar yau da kullum hujjar ta fi sauƙi. Keken da za a ajiye a ƙofar ofis ko masallaci ko bakin kasuwa gara ya zama wanda satarsa ba za ta karya mai shi ba. Kekuna masu araha kuma su ne suka fi zuwa da ramukan ɗaura kariyar ɗora kaya da madigadi, abin da ake cire wa na gasa saboda rage nauyi, alhali mai zuwa aiki da jaka a lokacin damina yana bukatar duka biyun. Na yarda cewa wanda zai ɗauki buhu ko jarkokin ruwa bai kamata ya kalli keken tsere ba ko kaɗan, tsohon Rale ya fi shi nesa ba kusa ba a wannan aiki. Amma mai yin kilomita 10 ko 15 zuwa wurin aiki, wanda yake so ranar hutu ya gwada zuwa garin da ke gaba, keke ɗaya mai giya takwas zai yi masa duka biyun.

Kuɗin da ya rage a hannu yana da wuraren da ya fi dacewa da su: taya mai jure ƙaya, sirdin da ya yi daidai da mai shi, hular kwano, da fitila gaba da baya, tunda direbobin manyan hanyoyinmu ba su saba raba titi da mai keke ba, wasu hanyoyin kuma matsalar tsaro ta sa dole a yi tambaya kafin a kama su, a kuma sauka kafin magariba. Wajen sayen na gwanjo, a fara da auna tsayin keken da jikin mai hawa, domin keken da ya yi wa mutum girma ciwon baya da na gwiwa zai jawo masa komai sunan kamfaninsa. Daga nan a bi mahaɗan jikin ɗaya bayan ɗaya ana neman tsaga, a juya ƙafafun a ga ko suna layi, a girgiza feda a ji ko boris ya saki, sannan a tambayi mai rumfar ko yana da tayar wannan ƙafa a ajiye kafin a fara ciniki.