Gawar da ke kan dutse ma tana da uwa

Jama'a salamu alaikum. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri, kwana uku ke nan abin yana cina a rai.

Ranar Juma'a da dare muna zaune a ƙofar gida nan Hausare, zafin Garwa kun san shi ba mai iya shiga ɗaki da wuri, sai ƙanena ya miƙo min waya ya ce Yaya kalli wannan. Wani dokumantari ne a kan masu hawan dutsen Eberest da suka mutu can sama da masu zuwa neman gawarwakinsu. Na kalla har mega ya ƙare na sake sawa, don gaskiya aikin ya yi kyau, sai aka zo wani wuri kyamara ta matsa kan wani bawan Allah kwance cikin ƙanƙara, aka tsaya kan hannunsa, aka tsaya kan fuskarsa, aka sa wani kiɗa mai sanyi a ƙasa. Na kife wayar. Ƙanen nawa ya ce haba Yaya ai ba ɗan'uwanka ba ne, kuma su Turawa ba su damu da irin wannan ba. Wannan maganar tasa ce ta sa ni rubutun nan.

Ga wanda bai san wurin ba, tsayin Eberest mita 8,849 ne, ya ninka dutsen Kamaru na Buya sau biyu har da ɗori. In mutum ya wuce mita 8,000 iskar da yake shaƙa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda muke shaƙa nan ƙasa ba, taku kaɗan sai ya tsaya yana haki, kansa ma da ƙyar yake ɗauka balle ya ɗauki wani. Mutum sama da 300 sun mutu a dutsen nan kuma da yawansu suna can har yau, sanyi ya hana su ruɓewa, suna nan da kayansu da takalmansu kamar jiya suka kwanta. Gawar da ta daskare ta manne da ƙanƙara sai an sare ta da gatari, kuma sai ƙarti shida ko fiye kafin su iya jan ta da igiya. To kun ga ba rashin imani ne kawai ya sa ake barinsu ba.

A 1924 wasu 'yan Ingila biyu, George Mallory da Andrew Irvine, suka ɓace kusa da ƙololuwar dutsen, Irvine ɗin ma yaro ne ɗan shekara 22. Shekara 75 ba labari, sai ranar 1 ga Mayun 1999 wani Ba'amurke Conrad Anker ya ci karo da gawar Mallory, yana kife, iska ta yage rigar bayansa, ƙafa ɗaya a karye, igiya a ƙugu. Tawagar ta zo ne da masu ɗaukar fim, abin da suke nema shi ne ƙaramar kyamarar da ake zaton mutanen biyu sun hau da ita don a gane ko sun kai ƙololuwa shekara 29 kafin Hillary da Tenzing, waɗanda aka sani da su ne farkon kaiwa can. Suka caje aljihunsa suka kwashe wasiƙu da tabarau da ashana, kyamarar ba su same ta ba, sannan suka yi masa addu'a irin ta addininsa suka rufe shi da duwatsu. Wannan rufewar na yaba musu. Amma hoton bayansa tsirara fa? An sayar wa jaridu ya zagaye duniya, alhali 'ya'yansa biyu suna raye a lokacin, tsofaffi, waɗanda rabonsu da ubansu tun suna ƙanana. Hillary da kansa ya fito ya nuna ɓacin ransa a kan cinikin hoton. To ina maganar ba su damu ba?

Kuma wata biyar kacal bayan nan, a Oktoban 1999, ƙanƙara ta zaftaro a dutsen Shishapangma na Tibet ta binne babban aminin Anker ɗin, Alex Lowe, da mai ɗaukar hoto David Bridges, shi Anker ya tsira da raunuka. Ban ce alhaki ba ne, Allah ya tsare ni da faɗin haka. Abin da nake so ku duba shi ne da aka ga gawarwakin a 2016, bayan shekara 16, iyalin ne suka tashi da kansu suka je Tibet suka sauko da su suka yi musu abin da al'adarsu ta tanada, kuma fim ɗin da aka yi a kai ɗan Lowe ne ya yi shi, shi ya zaɓi abin da za a gani da wanda za a bari. Mutum ɗaya ne, Anker, ya tsaya a kan gawa biyu, ta Mallory da ta Lowe, amma ta biyun ba wanda ya yi gwanjon hotonta saboda masu ita suna tsaye a wurin.

Ni a nan maganata take. Gawa tana da masu ita. In ka hau mita 8,000 ka same ta ba tsintuwa ka yi ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda suke kira mai koren takalmi. Ana kyautata zaton wani ɗan sandan kan iyaka ne na Indiya, Tsewang Paljor, ɗan yankin Ladak, ya mutu a guguwar 1996 yana da shekara 28. Yana kwance a bakin wani ɗan kogo a hanyar arewa, kusan shekara ashirin ya zama alamar hanya, wato in ka kai mai koren takalmi ka san ka kusa, kamar yadda za ka ce wa ɗan moto in ka wuce gada ka sauke ni. Hotonsa ya cika intanet, yara suna yin bidiyo a kansa suna neman mabiya, sunansa ma ba a faɗa sai launin takalminsa, kuma duk wannan lokacin mahaifiyarsa tana zaune a ƙauyensu.

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Garwa da ƙanƙara, mu da ko a firij sai wuta ta zauna muke ganinta. Abin da ya haɗa ni da ita shi ne kogin Binuwai. Shekarun baya da damina, ruwa ya cika ya batse, ɗan gwaggona ɗan shekara 17 ya je wanka da abokansa bai dawo ba. Kwana uku masunta suna nema da kwalekwale, gwaggo ba ci ba sha tana zaune bakin ƙofa, duk wanda ya yi sallama sai ta miƙe. Ranar ta uku aka same shi can ƙasa, wanda ya taɓa ganin gawar da ta kwana uku a ruwa ya san abin da nake nufi, ba sai na bayyana ba. Ina wurin. Kafin a kai shi gaɓa wayoyi sun fi ashirin a sama. Wani tsohon masunci da ban san ko sunansa ba ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe masa fuska da ƙirji yana ta daka wa yaran tsawa, amma ina, kafin mu isa gida bidiyon ya riga mu ta WhatsApp, wata maƙwabciya da ba ta yi tunani ba ta nuna wa gwaggo wai ta duba ko shi ne. Mu mun yi niyyar a yi masa wanka a sa shi a likkafani ta zo ta yi masa addu'a a rufe. Hoton ƙarshe da take da shi na ɗanta ba mu muka zaɓa mata ba.

Shi ya sa in na ga kyamara mai tsada tana matsawa kan fuskar mamaci a Eberest ba na ganin bambanci da yaran bakin ruwan nan sai dai kyan hoto da kiɗa. Mu a Hausa binne mutum ma sutura muke ce masa, an yi masa sutura, wato an rufa masa asiri. Mai wankan gawa abin da ya gani amana ne ba ya fita da shi. Annabi SAW ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Kuma farkon abin da aka koya wa ɗan Adam a kan gawa, ta hanyar hankaka, yadda zai rufe ɗan'uwansa ne.

Amma kar a ɗauka ina cewa a daina neman su ko a daina yin fim sam. Wanda nasa ya ɓata ya san ɓata ya fi mutuwa ciwo, mace ba ta san ko ta shiga takaba ba, gado ba ya rabuwa, a fiƙihunmu na Malikiyya sai ta kai ƙara ta jira shekara huɗu kafin ma ta fara idda, kuma mu nan arewa da rikicin Boko Haram da masu bin sahara mun san gidajen da har yau ake jiran sallamar wani. Nemo gawa a dutse kuɗi ne masu yawa, wani lokaci in ba don masu fim ba ba mai biya. Wani lokacin kuma kyamara ita ce shaida. A Yulin 2023 a dutsen K2 na Pakistan wani ɗan dako Muhammad Hassan, mai 'ya'ya uku, ya faɗi a wata siririyar hanya can sama, ƙaramin jirgi marar matuƙi ya ɗauko mutane suna tsallake shi suna wucewa ƙololuwa. Wasu sun ce sun yi iya ƙoƙarinsu a kansa, Allah ne masani, amma ba don bidiyon nan ba da ba wanda zai ji sunansa, shi ya sa aka yi bincike aka gano ko kayan sanyin kirki ba shi da su, aka tara wa iyalinsa taimako, bayan shekara aka sauko da shi aka binne shi a garinsu. Wannan daga nesa aka ɗauka kuma masu rai ya tona wa asiri ba mamacin ba. Ko a 2024 da tawagar National Geographic ta tsinci takalmi da safa mai ɗauke da sunan Irvine, bayan shekara 100 cif, sai da suka sanar da danginsa kafin su sanar da duniya kuma suka ƙi faɗin takamaiman wurin. Ashe ana iyawa in an so.

Sai kuma abin da fina-finan nan suke wucewa da sauri, wa ke ɗauko gawar? Ba mai kyamara ba ne, 'yan ƙabilar Sharpa ne da 'yan dakon Pakistan. A 1984 'yan Nepal biyu, wani sufeton 'yan sanda da wani Sharpa, sun mutu wajen ƙoƙarin sauko da gawar wata Bajamushiya Hannelore Schmatz da ta rasu tun 1979, aka je ɗauko ɗaya aka ƙara biyu. A Afrilun 2014 a Eberest ƙanƙara ta kashe ma'aikata 16 'yan Nepal a safiya ɗaya suna kai kayan baƙi sama, uku ba a same su ba har yau, abin da gwamnati ta fara cewa za ta ba kowane gida rupi dubu 40 ne, wajen dala 400, ko dubu 200 na sefa bai cika ba a lokacin, alhali takardar izinin hawa ta baƙo ɗaya dubban daloli ce. In uwa ce ta roƙa a kawo mata ɗanta kuma masu aikin suka duba suka ce za su iya, wannan daban. Amma in kamfani ne ya zuba kuɗi yana so fim ya ƙare da an sauko da gawa, ga lokaci yana ƙurewa, ga magidanci da aikin wata biyun nan ne abincin gidansa na shekara, kar a ce min ai da yardarsa ya je. Wanda ke da kuɗin makarantar yara a wuya ba ya iya cewa a'a, mu nan mun san wannan. A ƙarshen fim kuma sunansa ya wuce da ƙananan baƙaƙe lokacin kowa ya tashi.

Wanda ya yi abin da ya kwanta min a rai shi ne Sajid, ɗan wani mai hawan dutse na Pakistan, Ali Sadpara. A Fabrairun 2021 suna hawan K2 tare da babansa cikin hunturu, na'urar iskarsa ta samu matsala ya juyo, baban da abokan tafiyarsa biyu suka wuce ba su dawo ba. Da Yuli ya yi yaron ya koma, kuma da mai ɗaukar fim a tare da shi, aka samu gawar, ya sauko da babansa da igiya zuwa inda ba a kan hanyar mutane ba, ya rufe shi da ƙanƙara ya karanta masa Fatiha. Kyamara tana wurin amma ɗan ne a gaba, ita tana binsa.

Ƙanena da na gama yi masa wannan bayanin ya yi shiru, don lokacin abin Binuwai yana ƙarami bai san yadda aka yi ba. Ban gaya masa sauran ba, cewa daminar bara bidiyon ɗan gwaggo ya sake dawowa a wani gurup da nake ciki, an sa masa sunan wani gari daban an rubuta wai jiya abin ya faru, mutane suna ta Allah ya jiƙansa suna turawa gaba. Na bi waɗanda na sani ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su goge, wasu suka goge, wani ya ce min ai wa'azi ne. Gwaggo tana nan da ranta, ta tsufa, jikokinta duk suna da waya, kullum na je gaishe ta sai na ja su gefe na tambaye su gurup ɗin da suke ciki.