Ranar da na amsa wayar da ba a kira ba

Ku da kuke ta tambaya wai me ya sa Yaya yake kirana "Alo-alo" kwanan nan, to ku ji daga bakina, tunda shi ya riga ya zuba wa labarin gishiri ya raba wa kowa. Kun dai san cikina ba sai na maimaita ba, da safe a shafe lafiya lau, kafin yamma na kwance bel na ɓalle maɓallin wando a ƙarƙashin tebur, ga gyatsa ga iska, yau gudawa gobe shiru. An ce olsa ce na sha omefirazol har na gaji, an ce tsutsar ciki ce, an yi hoto ba a ga komai ba, daga ƙarshe wata likitar hanji tace tana zargin SIBO, wato bakteriyar da ya kamata su tare a babban hanji ne suka yi yawa a ƙarami, inda abinci bai gama narkewa ba, sai su riga ni ci su bar min iska. Tace sai an yi gwajin numfashi.

Ana gobe gwajin farar shinkafa da dafaffen ƙwai kawai aka yarda na ci, daga nan awa 12 ba abin da zai shiga bakina sai ruwa, kuma dole a ce na yi sati 4 ban sha antibayotik ba. Da safe Yaya ya kai ni, yace shi ba zai shiga ba warin asibiti na sa shi ciwon kai, zai jira a mota. Nas ta miƙo min wata 'yar jakar leda mai bututu tace na hura, na hura, sai ta ba ni kofi da ruwa mai zaƙi-zaƙi, wai giram 10 na laktulos ne a ciki. Duk bayan minti 15 zan dawo na sake hurawa har awa 3, ba barci, ba zirga-zirga, ba ci. Dalilin kuwa shi ne jikin mutum ba ya yin iskar haidurojin da kansa, bakteriya ne ke yi idan sun samu suga, sai ta bi jini ta fita ta huhu, idan ta hau da maki 20 kafin minti 90 to sun tare hanya tun a sama kenan. Laktulos ɗin nan fa shi ne ake ba wanda bayan gida ya ƙi fita, na tuna mata, tace eh, ƙila ka ɗan ji motsi. Ɗan motsi. Allah Ya saka min.

Ɗakin jiran shiru yake tsit, ko talabijin ba su kunna ba, kujerun kuma irin na ƙarfen nan ne da ake haɗa uku a jere, wanda in mutum ɗaya ya girgiza ƙafa kowa sai ya ji a jikinsa. A gefena wani dattijo ne riƙe da ƙatuwar ambulan ta hoton ƙirji, gabana wata mata da ɗanta da bai wuce shekara biyar ba, can kusurwa wata budurwa tana danna waya. Farko lafiya lau, har ina cewa a raina ashe abin ba wuya. Wajen hurawa ta huɗu ko ta biyar sai na ji abu ya taso daga ƙasan haƙarƙarina na hagu, ya gangara a hankali, ya tsaya daidai cibiya, sannan ya saki. Ba tusa ba ce, don Allah ku riƙe wannan domin Yaya ya canza labarin a nan. Ƙugi ne, dogo, guuurrr, ya tsaya, guuurrr, ya sake tsayawa, daidai da daidai har da tazara. Kujera kuma ta ɗauka ta kai wa dattijon nan.

Ya juyo yace "Yaro ɗauki wayarka mana, tun ɗazu take gurnani."

Har yau ina ganin abin da na yi dabara ce mai kyau, duk wanda yake wurin haka zai yi. Na sa hannu a aljihu na zaro waya, na ɗan yamutsa fuska irin an dame ni ɗin nan, na kara a kunne nace "Alo." Na yi shiru ina gyaɗa kai. Nace "Eh ina asibiti ne." Na sake shiru. Nace "To, to, ba damuwa, a turo min takardun." Waɗanne takardu, ni ma oho, amma ya fito da kyau, har budurwar nan ta ɗago ta kalle ni ta mayar da kai. Ina cikin cewa "a gaida mutanen" sai cikin ya sake, wannan karon ba tazara, ƙulululu mai tsawo da wani siririn fito a ƙarshe, waya kuma tana kunnena kowa na gani. Yaron nan ya miƙa yatsa daidai cibiyata yace "Mama ba wayar ba ce, cikinsa ne yake magana." Uwar ta buge masa hannu tace yi shiru, amma kafaɗarta na rawa, ta ja gyale ta rufe baki.

Ni kuma ban sauke ba, ai in na sauke na amsa laifi kenan, na ci gaba nace "Alo, ba na jin ka sosai, sabis ne." A daidai nan wayar ta yi ƙara. Ƙara ta gaske, a cikin kunnena, da ƙarfinta gaba ɗaya don na manta ban rage ba, sai da na zabura ledar hurawa ta faɗi ƙasa. Budurwar ta kifa kai a gwiwa. Dattijo ko murmushi bai yi ba, ya leƙo fuskar wayar yace "Ikon Allah, kira a kan kira." Yaya ne. Na ɗauka, kun san muryarsa ba ta buƙatar sifika, ɗakin nan kaf sun ji yana cewa "Kai har yanzu ba ka cika musu ledar ba? Ka daure ka yi ta mana mu tafi, tusa ce fa ba haihuwa ba." Ashe shi duk bayanin da na yi masa a mota, abin da ya fahimta shi ne ta ƙasa ake tara iskar.

Dattijon nan shi ne har yanzu nake jin haushinsa fiye da Yaya. Yaron yaro ne, uwar ta yi ƙoƙari, budurwar ma fita ta yi ta je ta yi dariyarta a waje, na gode mata. Shi kuwa matsowa ya yi har gwiwarmu na haɗuwa ya fara duba ni. Wai yunwa ce, wai mu yaran yanzu ba ma cin abinci a kan lokaci, wai maganin abin shi ne kada na taɓa barin cikina ba komai, na riƙa ɗan taɓa wani abu duk bayan rabin awa. Ya buɗe ambulan ɗin hoton ƙirjin, wallahi daga cikinta ya zaro biskit, ya ɓare ya kawo min har baki. Nace Baba gwaji nake, an hana ni ci. Yace su likitoci haka suke, shi da za su hana shi da tuni ya mutu. Nas ta leƙo ta ga biskit a gaban hancina ta ɗaga murya tace "Mai kumburin ciki, in ka ci wannan sai dai ka dawo wani satin mu fara daga farko!" Da sunana a fayil a hannunta fa. Baba ya cinye biskit ɗinsa yana kallona yana girgiza kai, ɓurɓushi na zuba a kan hoton huhunsa.

Abin haushin, shawarar tasa ita ce ainihin abin da likita ta hana ni daga baya. Ashe idan ciki ya zama ba komai, ƙaramin hanji yana yin wata shara da kansa, duk bayan minti 90 zuwa 120 wani motsi ya bi ya tura ragowar abinci da bakteriya ƙasa, da ka jefa ko loma ɗaya sharar ta tsaya. Ni kuma shekara da shekaru ina ɗan ciye-ciye don kar olsa ta tashi, ga omefirazol da ke rage asid ɗin ciki, wanda shi ma yana cikin abin da ake zargi da ba su damar yawaita. Da zan sake ganin Baban nan da na zaunar da shi na yi masa wannan bayanin dalla-dalla, ko da yake ba zai saurara ba, mutumin da ya bi ni har mota ya gaisa da Yaya ya kwashe labarin wayar kaf ya ba shi, har yana kwaikwayon "a turo min takardun". Ba wanda ya tambaye shi. Layinsa ma ina jin ya wuce shi a kan haka.

Sauran awannin ba na son tuna su, laktulos ya yi aikin da aka san shi da shi, ina fitowa daga banɗaki nas na kira, ina hurawa ina komawa. Sakamako ya nuna haidurojin ya haura tun kafin lokaci, mitan kuma, ɗaya iskar da ake aunawa a gwajin, bai kai maki 10 ba, wanda shi aka fi gani wurin masu taurin bayan gida. Na tambayi likita batun wari saboda mutanen ofis, tace su biyun nan ba su da wari ko kaɗan, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wata iska ce daban mai sulfa. Don haka mai teburin kusa da taga da ke fesa turare duk sanda na wuce, ka ji dai.

Aka ba ni wani antibayotik mai suna rifaksimin miligiram 550 sau 3 a rana na kwana 14, maganin da kusan duk a hanji yake tsayawa ba ya shiga jini sosai, da allurar bitamin B12 don ashe har shi bakteriyar suke cinye min, shi ya sa nake ta jin kasala. Na samu sauƙi har na manta, bayan wasu watanni bel ya sake matse ni. Likita ko mamaki ba ta yi ba, tace wani bincike da aka yi a Italiya a 2008 ya nuna kusan 44 cikin 100 abin na dawo musu cikin wata 9, in ba a gyara abin da ya jawo shi ba. Yanzu ina kan wani tsarin rage abincin da ke kawo iska na Jami'ar Monash ta Ostireliya, ba albasa ba tafarnuwa ba wake ba tuffa, na sati 2 zuwa 6 ne kawai sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ne mugun. Tsakanin ci da ci kuma awa 4 zuwa 5, wato daidai lokacin mitin ɗin Oga cikina yake fara shararsa da ƙarfi, na daina ma taɓa waya in ya fara, sai dai na ja kujera ko na yi tari.

Matar Yaya kuma da ta ce min albasar "kaɗan ce ba za ka ma ji ta ba", na ji ta, har ƙarfe uku na dare ina jin ta. Wai za a sake gwajin wata mai zuwa, duk wanda yake da mota kuma ba shi da surutu ya yi min magana.