Sunan Hank a baki kawai

Wani rahoto ya ce waƙar kantiri, wato salon waƙar karkara ta Amurka, na ƙara samun kasuwa, amma ni abin haushi yake ba ni. Mawaƙan yanzu na Nashbil, birnin da ke cibiyar wannan waƙa, kowa sai ya jefa sunan tsofaffin gwanayen kantiri Hank Williams ko Johnny Cash a baiti, alhali kiɗan na kwamfuta ne, zancen kuma daga motar a-kori-kura sai giya. Haba! Hank ya rasu a 1953 yana ɗan shekara 29, har yau in ka saurare shi jikinka sai ya yi sanyi. Cash kuwa gidan yarin Folsom ya shiga ya yi wa fursunoni waƙa a 1968. Ni da kaset ɗin wani mawaƙin kantiri, Don Williams, na tashi, a rediyon babana da aka ɗaure murfinsa da roba. Cikin mawaƙan yanzu wa ya gaji wannan muryar?