Sharhi kan labarin jirgin sintiri NNS Karaduwa

Assalamu alaikum. Daga Zariya nake rubutu. Labarin ya ce Karaduwa jirgin sintiri ne da sojojin ruwanmu suka ƙera da kansu, amma bai faɗi inda aka faro ba. Na farko shi ne NNS Andoni, mai tsawon mita 31, da aka ƙaddamar a 2012. Karaduwa ya biyo baya a 2016, ya ɗara shi tsawo, sannan NNS Oji a Disambar 2021. Duka a ma'aikatar ƙera jirage ta sojojin ruwa da ke Legas aka haɗa su.

Masu raina su saboda ƙanƙanta, don Allah ku duba aikin da aka yi su dominsa. Ɓarayin ɗanyen mai da 'yan fashin teku a bakin gaɓa da mashigun Neja Delta suke ɓoyewa, inda ruwa ba zurfi. Babban jirgi irin NNS Thunder, wanda Amurka ta ba mu a 2011 bayan ya yi mata aiki sama da shekara 40, ba zai iya kutsawa can ba. Ƙaramin jirgi mai sauri shi ke iyawa, kuma idan ya samu matsala, waɗanda suka ƙera shi suna nan gida.

Abin da ke damuna shi ne jinkiri. Jirgi 3 cikin kusan shekara 10 ya yi kaɗan wallahi. Ga ɗaliban injiniya a ABU Samaru suna gama karatu ba aiki. A riƙa ɗibar su horo a ma'aikatar nan mana, ko da ba su taɓa ganin teku ba.